Garin Ƙashi a Bakin Zunilda

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Likita ce ta ce in sami littafi in riƙa rubuta lokacin magani da abin da ta ci. Na ce mata aji biyu na yi na bar makaranta. Ta ce aji biyu ya isa. To ga shi.

Mun dawo daga Villarrica a motar ƙarfe biyu. 'Yata Zunilda ta jingina kai da taga har gida, auduga cike da baki. Shekararta arba'in da uku, amma yau sai da na riƙe mata hannu ta sauka.

Abin da aka yi mata, yadda na gane: haƙoranta biyu na gaba, na sama, sun mutu daga ciki. Saiwarsu ta ruɓe har ta ci ƙashi. Likita ta tsaga dasashi, ta yanke kan saiwar, ta kankare ruɓar, ta cika ramin da wani farin gari kamar tsakin masara, ta ɗinke. Wai garin ƙashi ne. In an bar shi ya zauna lafiya, jiki zai mai da shi ƙashi na gaske, haƙoran su tsaya. In bai zauna ba, cirewa za a yi.

Na tambaya ƙashin wane ne. Ta ce na saniya. Na ce to, ba baƙo ba ne.

Ba tauna da gaba, ba abu mai zafi, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba ɗaga leɓe a leƙa. Sai ta kalle ni ta ce, "Ña Hermelinda, na san mutanenmu. Ba terere. Ba bututu a bakinta ko sau ɗaya, na sanyi ko na zafi. Zuƙa ɗaya tana iya jawo garin waje." Terere shi ne ruwan ganye mai sanyi da muke zuƙa da bututu, ana zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Na ce har yaushe. Ta ce wata guda.

Ta tambayi Zunilda yadda haƙoran suka bugu tun farko. Zunilda ta ce ƙofar mota. Likita ta duƙa tana rubutu. Ta daɗe tana yi. Ban san ƙofar mota tana da tsawon rubutawa haka ba.

Magani ƙarfe shida. Ta sha.

Talata, 5 ga Nuwamba, da safe

Leɓen ya kumbura har ya taɓa hanci. Na naɗe ƙanƙara a tsumma, in ɗora in ɗauke. Madara mai sanyi da cokali, rabin kofi.

Wayarta ta yi ƙara sau huɗu. Ta kife ta a kan tebur. Mijinta ne, Crispín. Na rubuta sunansa sau ɗaya, ya isa.

Sati uku ke nan da ta zo min da jaka ɗaya da takalmin wanka. Ban tambaye ta ba. Na shimfiɗa mata gadonta na dā.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da rana

Na aika wa mahauci a ajiye min ƙashin ƙafar saniya. Na dafa shi tun safe har ruwan ya yi kauri, na tace, na bar shi ya huce. Tunda ƙashi ake so ya tsiro, ƙashi za ta sha. Likita ba ta ce haka ba, ni na ce.

Na daka nama a turmi har ya koma kamar kunu, na yi mata miyar da muke kira soyo. Ta ci cokali tara. Na cinye sauran. Ni dai abinci mai laushi ba sabo ba ne a wurina, shekara talatin da shida ke nan. Haƙoran roba ranar Lahadi kawai nake sa su, suna cin dasashi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Fidelina ta zo ƙarfe goma kamar kullum. Maƙwabciyata ce, ita ta riƙe Zunilda ranar baftisma. Fiye da shekara talatin muna zama gindin mangwaro a wannan lokaci muna shan terere. Ta zo da na'a-na'a da saiwoyinta, ta daka, ta zuba a ruwan ƙanƙara. Na cika ƙahon saniya da muke sha a ciki da ganye, na sa bututu. Matar Don Aniceto ma ta shigo da 'yarta.

Zunilda ta fito ta zauna da mu, tsumma a baki.

Fidelina ta dube ta ta ce, "Kai, 'yata, kin zama agwagwa. In kin ga kududdufi kada ki faɗa."

Zunilda ta so yin dariya, ta riƙe leɓe.

Ƙaho ya zaga ta dama kamar yadda yake yi. Ya zo kanta. Hannunta ya miƙe da kansa. Na buge shi.

Ban yi da ƙarfi ba. Amma yadda ta janye hannun, ta kare fuska da ɗayan, kowa ya gani. Matar Aniceto ta sunkuyar da kai tana gyaran takalmi. Fidelina ta fara maganar farashin cuku. Ƙaho ya wuce ta, ya dawo, ya sake wuce ta. Ta zauna har aka gama, hannu a cinya.

Da suka tafi na wanke ƙahon da bututun, na naɗe su a tawul, na sa a ƙasan akwati, na kulle.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na faɗa wa Fidelina ba terere a gidan nan sai wata ya cika. Ba ita kaɗai ba, kowa.

Ta ce, "Ke Hermelinda, kin haukace? A wannan zafin? To me za mu yi da hannuwanmu?"

Na ce ta zo mu yi hira kawai.

Ta ce, "Hira a bushe? Sai ka ce zaman jiran likita."

Ta zauna minti goma tana kaɗa ƙafa. Ta ce ta bar wake a wuta.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Kaina yana sara tun asuba. Rashin ruwan ganye mai zafi da nake sha da safe ne. Kurkurar ruwan gishiri sau uku, a hankali, ta bar shi ya zubo da kansa. Kabewa da madara.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da rana

Kumburi ya sauka, ya bar ruwan ɗorawa da kore a ƙarƙashin hanci. Wannan launin na san shi. Kwana huɗu zai tafi.

Ba wanda ya tafa hannu don sallama a ƙofar shinge yau. Jiya ma haka. Ina jiyo dariyarsu daga gindin lemon Fidelina, can suka koma. Zunilda ma tana ji. Ta ɗauki kujera ta zauna kusa da shinge tana ɓare wake, ba don akwai inuwa a wurin ba.

Na yi mata dafaffen ganye a kofi, na bar shi ya huce, na ba ta da cokali. Ganye ɗaya ne. Ta sha biyu ta ture.

"Mama, ba ɗanɗanon nake nema ba."

Na ce to me.

Ta koma ɓare wakenta.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Na ce zan je aron rariya wurin Fidelina. Na sha ƙaho uku a tsaye a bayan ɗakin girkinta. Da na dawo Zunilda ta ce, "Ina rariyar?" Sai ta ce, "Kina ƙamshin na'a-na'a." Ta shige ɗaki.

Ba zan ƙara ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da yamma

Villarrica, cire zare. Na hagu ya haɗe da kyau. Na dama bai rufe ba, akwai ɗan baki a buɗe. Likita ta sake ɗinki biyu, ta ce a ƙara sati biyu a kan watan. Ta ce na daman shi ya fi buguwa, ƙashin wurin kamar ɓawon ƙwai ne. Ta ce mu dawo biyar ga Disamba a ɗauki hoto.

Ta ce in fita tana so ta yi magana da Zunilda ita kaɗai. Na zauna a benci. Da Zunilda ta fito akwai wata ƙaramar takarda a hannunta mai lambar waya. A tasha ta goge gumi da ita ta jefar.

A mota kowa da filas ɗinsa a hammata. Direba yana sha, yana miƙa wa na bayansa. Wata mata ta juyo ta miƙo mana. Na ce ba ma sha. Ta kalle mu kamar mun ce ba ma zuwa coci.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da rana

Direban motar safe ya tsaya a ƙofa ya miƙo kwando. Daga mijin nata. Chipa ce, burodin rogo da cuku, irin mai tauri ta bakin tasha, wadda ko mai haƙora talatin da biyu sai ya yi da gaske.

Na ce, "Wannan ya san abin da aka yi miki kuwa?"

Ta ce, "Ya tuna ina sonta."

Na jiƙa wa kaji. Ta ɓoye ɗaya, na gan ta a ƙarƙashin matashi da nake gyaran gado. Ba ta ci ba. Na bar ta a wurin.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan coci

A bakin coci wani tsoho ya tare ni yana tuna mijina Toribio, yadda yake kaɗa garaya ranar biki har mata su yi kuka. Shekara tara da rasuwarsa har yanzu ba su gaji ba. Mutumin kirki, mutumin kirki. Na ce haka ne.

Fidelina tana gaya wa wata baƙuwa cewa bakin gidanmu ba shi da sa'a, wai ni saniya ce ta harbe ni wajen tatsa, 'yar kuma ƙofar mota. Ta faɗa tana kallon wani wuri. Fidelina ba wawuya ba ce. Katangarmu da tata ta kara ce a wancan lokacin.

Na dawo na cire haƙoran na sa a kofi.

Talata, 19 ga Nuwamba, da yamma

Wayar ba a kife take ba yau.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da safe

Ta ɗauka. Ta tafi bayan rumbun masara. Minti ashirin. Abin da na ji kawai, "A'a… a'a… na sani… ban ce haka ba."

Romon ƙashi, ƙwai mai ruwa-ruwa, gwanda da na murje da cokali. Ta rame. Wandonta sai da igiya.

Na duba wurin da ido daga nesa lokacin da take hamma. Ja ne mai kyau, ba ruwa. Kwana goma sha shida. Allah ya sa ya riƙe. Ba na roƙon komai sai wannan. Ba na so ta tsufa da baki irin nawa, shi ke nan.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da rana

Zafi. Ko kaji sun buɗe baki. Ba wanda ya zo.

Ta ce, "Mama, gidan nan kamar an yi mutuwa."

Na ce gidan mutuwa ma ya fi mutane.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru daki-daki, don kada gobe in gyara wa kaina.

Ƙarfe sha ɗaya aka tafa hannu a shinge. Na leƙa. Motar rake a bakin hanya. Mijinta ne, shi ke tuƙa ta, da farar riga a goge, hula a hannu. Da shi kaɗai ne da na san abin da zan ce. Amma ya zo da uwarsa, Ña Basilia, shekara tamanin da wani abu, 'yar mitsitsiya, rabin kurma, ta yi awa biyu a gaban mota cikin wannan rana. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Ya san abin da yake yi.

Ya ce, "Surukata, kullum ƙara yarinta kike."

Na ce, "Idonka ne ke tsufa."

Ya yi dariya. Yana da dariya mai kyau, kowa ya sani.

Na ba su kujeru gindin mangwaro. Tsohuwar ta zauna tana fifita da hular ɗanta, tana kallon ƙofar ɗakin girki, tana jira. Na kawo mata ruwa a kofi. Ta dubi kofin ta dube ni ta ce, "Me na yi miki, Hermelinda?"

Tun da uwata ta haife ni baƙo bai taɓa zama a gindin bishiyar nan an ba shi ruwa a kofi ba. Na shiga na buɗe akwati. Na ce a raina sau ɗaya ne, kuma ni zan riƙa zubawa, in tsallake ta.

Zunilda ta fito. Ta taje kai. Ta gaida surukarta, tsohuwar ta sa mata albarka. Shi ba ta kalle shi ba. Ta zauna kusa da ni.

Na daka na'a-na'a, na fasa ƙanƙara, na cika ƙaho. Ganyen na ƙasan buhu ne, duk gari. Na fito da kaya. Sai na ajiye filas da ƙaho a gabansa.

Hannuna ne ya yi, ba kaina ba. Ƙarami a cikin zama shi ke zubawa, haka aka yi tun kakanni, kuma Zunilda ta girme shi da shekara biyu. Kafin in tuna ya riga ya ɗauka. Ba a karɓe filas daga hannun baƙo.

Ya zuba na farko ya bar ganye ya shanye, ya ce na waliyyi Santo Tomás ne kamar yadda aka saba, tsoho ya fi kowa ƙishi. Ya sha nasa. Ya ba uwarsa. Ya ba ni. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba. Ya sake cikawa, ya juya bututun ya fuskance ta, ya miƙa.

Na ce, "Likita ta hana."

Ña Basilia ta ce, "Wa?"

Na ɗaga murya na ce likita.

Ta ce, "Likita. Tara na haifa, ranar haihuwa ma sai da na sha. Yaran yanzu komai likita."

Shi kuwa murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ba dole, surukata. Ni dai ba zan tsallake matata a gaban uwata ba. Zan riƙe mata. In ta ga dama."

Ya riƙe. Hannu a miƙe, ƙaho yana zufa, ruwa yana ɗiga ta gwiwar hannunsa. Bai sauke ba. Tsohuwar tana kallon Zunilda. Na ji kurciya tana kuka a kan rumbu, na ji rediyon gidan Fidelina. Ban san tsawon lokacin ba.

Kwana ashirin ba wanda ya miƙa mata komai sai ni da cokali.

Ta karɓa da hannu biyu.

Garin ganyen ya toshe bututun. Sai da ta ja da ƙarfi, kumatunta suka lotsa. Kuma ba a mayar da ƙaho sai ya yi ƙara a ƙasa. Ta ja har ya yi ƙara.

Zagaye uku ta sha. Na zauna ina kallo. A gaban uwarsa ban iya buge hannunta ba. Ko ba uwarsa ma, bayan abin da na gani ranar Alhamis ɗin can da na buge shi, ba zan iya ba.

Da za su tafi ya ce rake ya ƙare, ranar Asabar zai biyo. Bai ce zai biyo yin me ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da safe

Ta kurkure baki a bayan ɗaki maimakon a kwano. Da ta shige na je na duba ƙasa. Fararen ƙwayoyi kamar yashi, da jini kaɗan.

Na ce mu tafi Villarrica yau.

Ta ce ba komai, likita ta ce kaɗan zai iya fita.

Na ce wannan ba kaɗan ba ne.

Ta ce, "Bakina ne, Mama."

Litinin, da yamma

Ni na ajiye filas ɗin.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da rana

Dama ya sake kumbura. Tana magana tana kare baki da hannu, amma wari ba ya jin hannu. Na dafa ganyen gwaiba na huce ta kurkure. Na ba ta sauran maganin da ya rage, guda biyu ne.

Fidelina ta shigo, ba filas, ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce ta ga motar ranar Lahadi.

Na ce kowa ya gani.

Ta ce, "Da kin bar mu muna zuwa, da ko ba ta sha ba tana cikin mutane."

Na ce da na bar ku da tun satin farko ta sha.

Ta ce, "Wataƙila. Amma daga hannuna."

Na ce ta tashi ta je ta duba wakenta.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da yamma

Ta wanke kayanta ta shanya. Duka, har da takalmin wanka.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da rana

Ta tafi.

Na zuba romon ƙashi a kwalba biyu na sa mata a jaka. Na ce biyar ga wata, ƙarfe tara. Ta ce ta sani. Ta duƙa na sa mata albarka. Shi ya ɗauki jakar, ya buɗe mata ƙofar mota, ya riƙe ƙofar har ta hau.

Litinin, 2 ga Disamba, da safe

Ba magani, ba abin rubutawa.

Talata, 3 ga Disamba, da hantsi

Na dafa ƙashi. Sai da ya tafasa na tuna.

Alhamis, 5 ga Disamba, da yamma

Na sa haƙoran roba na hau motar ƙarfe shida ni kaɗai. Hanya cike da masu tafiya ziyarar ibada Caacupé a ƙafa, kowa da alkawarin da ya ɗaukar wa Budurwa Mai Tsarki. Ni ban yi alkawari ba bana.

Ƙarfe tara aka kira sunanta. Ba ta nan. Tara da rabi aka sake kira. Goma saura ta shigo da gyale a rabin fuska, a wannan zafin. Ta gan ni a benci ta tsaya.

"Me kike yi a nan?"

Na ce zama.

Aka ɗauki hoto. Likita ta ɗaga shi a fitila ta nuna mana. A hagu akwai fari-fari kamar hazo, ta ce wannan ƙashi ne yake haɗuwa. A dama baƙin rami. Ta taɓa haƙorin da ƙarfe, ya yi motsi kamar turken da ruwa ya ci. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Terere?" Zunilda ta gyaɗa kai. Likita ta ja gyalen ƙasa kaɗan, ta dubi gefen kunne, ta mayar. Ba ta tambayi wannan ba.

Ta ce na daman ya tafi. Na hagun zai iya rayuwa in ya sami wata uku ba abin da ya taɓa shi. Ta maimaita, ba abin da ya taɓa shi.

Na riƙe mata kai aka cire. Bai yi wuya ba, dama ba abin da ke riƙe da shi. Ya faɗa kwanon ƙarfe ya yi ɗan ƙara. Haƙori mai kyau, fari, ba ko ɗigo a jikinsa.

Muka fito muka zauna a bencin waje. Motar rake tana tsallaken titi, yana ciki, ƙafa a kan taga. Motar gida ƙarfe biyu take tashi. Na ce akwai wuri. Na ce wata uku ba shekara ba ne. Ta girgiza kai, auduga a baki.

Sai na sa hannu na ciro haƙoran roba, a nan kan titi, mutane suna wucewa. Na ɗora su a tafin hannu na nuna mata.

Na ce, "Ba saniya ba ce."

Ta dube su. Ta dube ni. Ta cire audugar, duk da likita ta ce awa ɗaya.

"Na sani, Mama. Ni na tsince su a ƙarƙashin tebur. Uku. Na binne a bayan rijiya."

Shekararta bakwai a lokacin. Ni na ɗauka tana gidan Fidelina.

Na ce me ya sa ba ki taɓa faɗa ba.

Ta ce, "Ke kin faɗa?"

Jini ya biyo gefen bakinta. Na ce ta mayar da audugar. Ba ta mayar ba.

Ta ce, "Kin zauna shekara ashirin da bakwai bayan haka. Kina goge wa Baba riga. Hotonsa yana bangonki har yau."

Na ce na zauna, kuma ga abin da na samu. Na ɗaga hannun.

Ta rufe min yatsu a kansu ta ce, "Mayar da su, Mama, ana kallo."

Ya danna oda sau biyu, gajeru. Ta sa audugar, ta ja gyale, ta duba hagu da dama, ta tsallaka.

Ban mayar da su ba. Na dawo da su a aljihu.

Juma'a, 6 ga Disamba, da safe

Na je bayan rijiya. Ciyawa ce kawai. Ban tona ba.

Litinin, 9 ga Disamba, da hantsi

Fidelina ta ƙwala min kira ta kan shinge, waya a hannu. Zunilda ce. Muryarta tana fita da iska ta giɓin.

Na ce yaya na hagun. Ta ce yana nan.

Na ce shi fa. Ta ce ya tafi ɗaukar kaya, sai Laraba.

Sai ta ce in faɗa mata yadda nake yin soyo ya yi laushi haka, da romon ƙashi, da kabewar, da duk sauran. Wane nama, awa nawa, da me nake tacewa.

Na ce ai ramin kwana goma zai rufe, za ki koma cin abinci.

Ta ce, "Na sani. Ina so dai in iya."

Fidelina ta juya baya tana tsinke busassun ganyen lemo.

Na ce ta samo biro. Na faɗa mata duka, a hankali, don ta rubuta.